Kunnen da Inji Ya Bar Mini

Uwar 'ya'yana ba ta da murya. Lafiyarta lau, haka dai aka raine ta. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Alkalawa, daga gidan da mace ke magana kamar tana tsoron tada jariri, ko da babu jariri a gidan. Da aka kawo mini ita Sabon Birni abin ya yi mini ƙwarai. Ina zaune a zaure, tana can bakin murhu, za ta ce, "Malam, a kawo ruwa?" in ji ta sarai. Ba ni da karatun da ya kai a ce mini Malam, aji biyu na yi a sakandare aka ce in dawo gida. Amma ba ta kama sunana, kuma dole ta kira ni da wani abu.

Sana'ata niƙa. Ina da inji a wata rumfar kwano bayan kasuwa, mai shan gas, irin wanda ake murɗawa da hannu kafin ya tashi. Gero, dawa, masara, in an kawo wake ma ba na mayarwa. Na fi shekara ashirin a cikin rumfar nan.

Wanda ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya ya yi ta nanatawa: mai niƙa da kunne yake aiki. A cikin injin akwai farantai biyu na ƙarfe masu haƙora, su ke murƙushe hatsi, kuma ba ka ganinsu. Sai dai ka saurara. In hatsi ya ƙare a mazurari suka fara cin juna, kukan zai canza. In tsakuwa ta shiga, ko ƙusa, ko ɗan kunnen wata da ya faɗa cikin ƙwarya, za ka ji ƙas, ka yi maza ka sassauta. Don haka a wurinmu mai niƙa ya toshe kunne daidai yake da direba ya rufe ido. Ba wanda ya taɓa kawo zancen ma.

Sai maganar salansa. Duk injin da aka sayo sabo yana zuwa da ita, wata tukunyar ƙarfe a bakin bututun hayaƙi mai rage ƙara. Mu kuwa ranar farko muke kwance ta mu jefa bayan rumfa. Masu ba mu niƙa mata ne, suna cikin gidajensu, ba su ganin ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Ƙarar ita ce sallamarka. In ka tayar da safe, tum-tum-tum ɗin ya ratsa katangu, kowace ta san lokaci ya yi ta aiko da hatsinta. Wanda injinsa ya fi ƙara, unguwarsa ta fi faɗi. Da wani ya zo ya kafa nasa a tsallaken titi, sai da na sa maƙeri ya ƙara wa bututuna tsawo, ya buɗa bakinsa. Mutane suka ce na iya sana'a. Cikin waɗanda suka yaba mini, har yau ba wanda ya tako ya tambaye ni ya kunne.

Abin bai zo rana ɗaya ba. Da farko in na kashe inji da yamma sai in ji kamar an cusa mini tsumma, in taho gida duniya ta yi shiru, kafin safe ya buɗe. Daga baya wani gyare ya tare a kunnena na dama, yana kuka ba hutu. Sannan gari ya fara wayewa kunnen bai gama buɗewa ba. Kuma ƙara ba ta kwashe ji gaba ɗaya, tsinta take yi. Ta bar mini muryar maza. Kiran salla ina ji, babur ina ji, jaki ina ji. Siraran muryoyi ta fara ɗauka: tsuntsaye, yara, da uwar 'ya'yana.

Ina ganin bakinta yana motsi, ina jin wani abu kamar ana magana a cikin randa, amma kalmomin ba kai ba gindi. In ce, "Mi kic ce?" ta maimaita. In ce, "Mi?" ta sake. Wata rana da ta gaji da maimaitawa ta tsaya tsakar gida ta ɗaga murya, irin ɗagawar da ban san tana da ita ba.

"Malam, ruwan wanka na makewayi!"

Na ji ta, kowane harafi. Ita ta yi sauri ta rufe baki da gefen zane kamar ta yi ɓarna. Na ce mata haka nake so, daga yau haka za ta riƙa yi mini. Ta yi ta noƙewa, amma ta saba. Muka yi watanni a haka, kuma ban ɓoye ba, watanni ne masu daɗi. Ta dawo tana ba ni labarin abin da ya faru a gida bayan fitata, ina yi mata gardama, tana gyara mini zance.

Sai dai katangarmu ta ƙasa ce, kuma gajeriya. Maƙwabta suka fara jin muryar da ba su taɓa ji ba, tana cewa, "A'a Malam, ba haka nic ce ba," tana cewa, "Ka ji ko ba ka ji ba?" Daga bayan katanga wannan mace ce ke yi wa mijinta faɗa. Ba wanda ya zo ya tambaya. Zancen ya hau motar kasuwa ya sauka Tozai, inda yayata take aure.

Yaya ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu, maganarta a wurina ba a mayar da ita. Duk da halin da hanya take ciki a shekarun nan, ta taso. Na dawo da azahar fari fat da gari, na tarar da ita a kan tabarma, uwar 'ya'yana na durƙushe a gabanta. Muryar Yaya mai kauri ce, inji bai taɓa mini ita ba.

"Kai, zo ka zamna. Da kai da ita nika magana."

"Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Hanya ta Allah ce. Abin da ya kawo ni ya hi hanya muni. An ce mini gidanga ya koma tasha. An ce matarka na yi maka tsawa awa yaron mota."

"Ni nic ce ta ɗaga murya, Yaya. Ba ni ji."

"Ba ka jin mi? Ga shi ina magana kana ba ni amsa."

"Taki muryar ai ko daga Tozai kinka tsaya za ni ji ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce gidanmu ba kurma, ubanmu har ya koma ga Allah yana jin tafiyar kaza a bayan ɗaki. Ta ce an dai shanye ni ne nake kare ta. Sannan ta juya wurin uwar 'ya'yana.

"Ke ɗiyar mutunci ce, don haka munka nemo ki. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kanku ba. Yanzu da hurhura ta hito miki za ki sa a kama sunan gidanku a bakin rijiya?"

Uwar 'ya'yana ta faɗi wani abu, kanta a ƙasa. Har yau ban san abin da ta ce ba. Yaya ta gyaɗa kai, ta ci abinci, ta sa mana albarka, ta tafi tun kafin la'asar don motoci ba su yarda yamma ta same su a hanya. Da zuciya ɗaya ta zo, na sani. Wannan bai rage komai daga abin da ta tafi da shi ba.

Daga ranar gidan ya yi shiru. Ba fushi uwar 'ya'yana ta yi ba, fushi da na san yadda za ni yi da shi. Abinci yana zuwa a kan kari, wanki ba ya kwana. Ruwan wanka sai ta ajiye bokitin inda za ni gani. In tana son in duba wani abu sai ta nuna da hannu. In na tambaye ta, ta amsa da tsohuwar muryarta, amsar ta faɗi a tsakaninmu, in ce "Mi?" sai ta yi ɗan murmushi irin na ban haƙuri ta koma aikinta. Na roƙe ta ta ɗaga. Ta girgiza kai, ta kai ido ga katanga. Na fita majalisa na gaya wa mazan unguwa cewa kunnena ne ya lalace, su gaya wa matansu. Wani ya ce bai taɓa ganin kurman da ke jin kiran tuwo ba, aka kwashe da dariya. Na taso. A lokacin na san mutum yana iya kewar matarsa alhali tana gabansa tana tankaɗe.

Akwai wani Bayarabe a Isa da nake kai wa farantan inji ya wasa mini in haƙoransu sun cinye. A can aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Bagobiri irina da Bayarabe kuwa ba a haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Na daɗe ina ganin wasu 'yan soso a kunnensa in yana aiki da dutsen wasa, ina ce masa ya toshe ne don kar ya ji kiran masu binsa da zagi. Wannan zuwan, ina tsugune ina kwance ƙullin farantai, sai na ji ya jefo mini tsumma a ƙeya.

"Tun ɗazu nake kiran bawana. Tsagen fuskar nan ya zarce ne ya yanke maka jijiyar kunne?"

"Ubangidanka kake jifa? Barkono ya gama da kanka."

Ya zagayo damana ya faɗi wani abu. Ban kama ko ɗaya ba. Ya koma haguna ya ce, "Bagobiri ƙaton banza." Na ce ya maimaita in ya isa.

"To. Na dama ya tafi. Na hagu yana bakin ƙofa yana neman takalmi."

Na ce ai kwanan nan ina ɗan cusa auduga. Ya ce auduga ƙura take tarewa, na rataya labule ne ina cewa na yi ƙofa. Daga nan ya kashe dutsensa, ya jawo benci. Ban san yadda aka yi ba, na gaya masa zancen gida, shi da ban taɓa yi wa maganar kirki ba. Bai tsokane ni ba. Ya ce in shiga mota in je Sakkwato a duba, in bar jin maganar masu ɗiga man zafi a kunne.

Na je. A asibiti aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini wani abu a kai, aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Da aka zo dama hannuna ya daɗe a cinya. Ma'aikaciyar da ta yi mini bayani ta fuskance ni sosai, tana magana a hankali don in ga bakinta. Ita ce ta farko da ta yi mini haka. Ta ce abin da ya mutu a ciki ba ya dawowa, ba allura, ba ƙwaya. Wanda ya rage ana iya riƙe shi in an raba shi da ƙara, kuma abin da ya fi shi ne in bar niƙa. Na ce in bari in ci me? Ta ce to in rufe kunne duk lokacin da inji ke aiki, ba wai yau in sa gobe in manta ba, don 'yar cirewar da mutum zai raina tana ɓata yawancin wahalar yinin. Ta ambaci wata na'ura da ake maƙalawa mai ƙara ji. Na tambayi inda ake samunta da wanda zai gyara in ta lalace a Sabon Birni. Amsar ta rufe zancen.

Soson farko Bayaraben ne ya ba ni. Ya nuna mini yadda ake murza shi ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura a ciki. In ka ɗora shi kawai a bakin kunne, da shi da auduga duk ɗaya. Matsalarsa hannun mai niƙa: gari da baƙin mai. Kafin wani lokaci ya yi baƙi ƙirin, kunnen ya kama ƙaiƙayi. Sai wani ɗan kasuwa mai shiga Maraɗi ya samo mini marufin kunne na gwanjo, ƙoƙo biyu da baka a tsakaninsu, ana kifa su a kan kunnuwa. Ranar da na haɗa soso da ƙoƙon na tayar da inji, sai na ji kamar injin wata unguwa ne. Bai mutu ba. Ina jinsa a haƙorana da ƙirjina. Amma ya ja da baya.

Wanda zai ce maka abin nan daɗi ne bai taɓa tsayawa ƙarƙashin kwano da bazara ba. Zufa da gari suna haɗuwa su dama kunu a bayan kunnenka. Ba ya zama da hula, don bakin hular yana ɗaga shi ƙara ta sami kafa, saboda haka mutum da shekaruna yake yini kai a buɗe a gaban jama'a. Robar gefensa ta tsage, na liƙe da tsohon tub na babur, bai koma kamar da ba. Masu wucewa suna ce mini direban jirgi, suna tambaya yaushe za a tashi zuwa Makka. Waɗannan su ne dai masu cewa na iya sana'a.

Abin da na fi tsoro shi ne tsakuwa ta shiga ban ji ba. Na ƙona wa wata gari kafin in gane hanya. Yanzu tafin hannuna yana kan murfin farantai, motsin yana gaya mini abin da ke ciki. Kuma abin mamaki, ƙas ɗin yana ratso marufin, har ya fi fita yanzu da rugugin ya ragu.

Na tono salansa a bayan rumfa, ta yi tsatsa, aka yi mata walda na mayar. Washegari unguwa ba ta ji na buɗe ba. Wasu suka zaci na tashi, wata ma an ce ta tambaya ko rasuwa aka yi. Hatsi ya tsallaka titi. Wasu sun dawo, wasu har yau. Mai injin tsallake saurayi ne, bututunsa ya fi nawa na da tsawo. Na taka na je na gaya masa abin da ke jiransa. Ya ce, "Baba, in ka gaji ka sayar mini da injin." Na dawo. Ba na yi masa fata, amma na san hanyar da yake kai.

Gyaren bai tashi ba. Kunnen dama bai dawo ba. Abin da na samu shi ne, in na kashe inji da yamma na cire marufi, babu tsumman nan. Na hagu yana isowa gida da ransa. Ina jin ƙarar faifai in ana shiƙa, ina jin cokali a kwano. Amma daga bakin murhu zuwa inda nake zama ya yi wa muryarta nisa, kuma ita ba ta ɗagawa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ranar da ba na tayar da inji, ina kan tabarma a inuwar tsakar gida, tana ƙofar ɗakinta tana tsintar wake a faifai. Na daɗe ina kallonta. Sai na ce:

"Ke. Ina yini ba hula awa mahaukaci. Ana ce mini direban jirgi. Rabin unguwa sun kai hatsinsu tsallake. Na ɓoye kunnen nan awa irin shuka, wai don wa? Don jaki? Shi dama ina jin shi."

Ta tsaya da tsintar.

"Ba za ni sa ki ɗaga murya ba. Yaya ta yi nata ta tahi. Amma guda ne ya rage, kuma ban san iyakar kwanan shi ba."

Bakinta ya motsa. Ban kama ba, kuma ban ce mi ba. Ta dubi katanga, ta dubi ƙofar zaure. Sannan ta miƙe da faifanta ta nufo ni.

A wurinmu mace mai shekarunta ba ta zama a tabarmar mijinta da rana tsaka a tsakar gida. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa yi ba. Abinci ma durƙusawa take ta ajiye ta ja baya. Ta zagaya ta bayana, ta zauna a haguna, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ɗan karkato kai, ta fara magana da muryarta ta asali.

Ashe tara maganganu ta yi. Akuya ta koyi tsallaka katanga. Rufin madafa yana yoyo ta kusurwar gabas, a duba kafin ruwa ya sauka. 'Yarmu da ke aure a Isa ta aiko gaisuwa, tana son daddawa. Farantan da aka wasa mini na baya-bayan nan suna fitar da gari da tsaki-tsaki, tuwo ba ya kamawa, ta rasa yadda za ta gaya mini. Wasu kalmomin suna zubewa a hanya, ban tsayar da ita ba, ina cikewa da kaina.

Na ce, "Na ji. Wallahi duk na ji."

Ta zabura, ta dafa gwiwata.

"Malam, rage murya. Kai ke ihu tun bara, ba ka sani ba. Duk unguwa sun ji abin da kac ce yanzu, har da zancen jaki."

Na rage. Na ce, "Haka?"

"Ƙara ragewa."

"Haka?"

Ni kaina da ƙyar na ji abin da na faɗa. Ta ce haka ya yi. Ta turo faifan rabinsa ya hau cinyata, ta nuna mini gefen da ba ta tsince ba, ta ce in bar masu huda a nan, tsakuwa a can. Na sa hannu. Ita kuma ta koma kan zancen akuya.